Ƙirgin Baffa da Ƙwallon Zari-Ruga

Rannan Sadiƙu, ɗaya daga cikin samarin da ke koyon aiki a wurina, ya ɗaga kai ya dubi tsohon ƙirgin da ke rataye a bangon rumfata, ya ce, "Baba, wannan fatar fa ta gama yayi. Ka ba ni ita in yanka maka 'yan maƙalan makulli, wallahi za su tafi a kasuwa." Sauran suka kwashe da dariya, ni ban yi ba. Ƙirgi dai fatar bijimi ce da aka jeme. Wannan ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ga manyan huji huɗu a tsakiyarsa, kowanne da siffar ganyen mangwaro, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Na ce wa Sadiƙu ya ajiye almakashi ya zauna. Ku 'yan zamani kun ɗauka dukanci ba wani abu ba ne: a shafa gam, a danna, a bi da keken ɗinki, an gama. To ku saurari labarin hujin nan tukuna, in ya so wanda ya ga zai iya sa masa almakashi, ga shi nan, ban hana ba.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Baffa Buba, nan unguwar Shamaki a Gombe, shi ne murza zare. In zauna in ɗage wando, in murza a cinya, in bi shi da kakin zuma har ya yi ƙarfi ya daina shan ruwa. Sai da cinyata ta yi kanta kafin a bar ni in taɓa basilla. Baffa ba ɗan'uwan mahaifina ba ne, duk unguwa ce ke kiransa haka. Kakanninsa makiyaya ne. Annoba ta share musu garke, mahaifinsa ya shigo gari ya kama dukanci. Shi ya sa Baffa ba ya duban fata yadda sauran dukawa ke dubanta. In majemi ya kawo masa ƙirgi, sai ya shimfiɗa shi, ya shafa da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya ce, "Wannan ya sha kaska. Wannan ya yi kiwo cikin ƙaya. Wannan kuma da yunwa ya mutu, mayar da abinka." Ban taɓa ganin majemin da ya yi masa musu ba.

Kayan aikinmu duka ba su cika jaka ɗaya ba: basilla manya da ƙanana, tsinken huda, wuƙa mai lanƙwasasshen baki, dutsen washi, katakon yanka, da wata tsohuwar kwalba da muke goge fata da ita har ta yi sheƙi. Da su muke yin kube da jaka da takalma, mu ɗinke wa 'yan reluwe manyan takalmansu in sun buɗe baki. Amma abin da ya fi komai daraja a rumfar shi ne wanda Baffa ke zaune a kai. Al'adar gidansu ce: mai rumfa shi kaɗai ke zama a kan ƙirgi, masu koyo a tabarma. Ranar da ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya tashi ya zaunar da wanda ya zaɓa, shi ke nan an san magaji, ba taro ba shela. Wancan ƙirgin mahaifinsa ne ya taho da shi daga Nafaɗa. Duk ƙarshen damina Baffa kan shafe shi da man shanu ya shanya a inuwa. Shi bai haifi namiji ba, ni kuma har na yi aure ina rumfar ban tafi ba, saboda haka kowa ya san inda ƙirgin zai faɗa. Ni ma na sani, kuma ina so ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wata rana, bayan an sami 'yancin kai, jirgin ƙasa kuma ya fara shigowa Gombe, wani dogon mutum ya yi mana sallama da wani abu a hammata. Malam Yila ke nan, Batangale, malamin makaranta. Ya rusuna ya gaida Baffa, ya ajiye abin a gabansa. Ƙwallo ce ta fata, amma doguwa, mai tsini biyu, ɗinki ɗaya ya farke.

Baffa ya jujjuya ta ya ce, "Malam, wace mota ce ta taka ta?"

"Baba, haka aka yi shi," in ji Malam Yila. Shi a bakinsa komai namiji ne.

"Da gangan?"

"Da gangan, Baba."

"To Allah ya kyauta," in ji Baffa, ya miƙo mini. "Usmanu, karɓi. Kai ne mai haƙuri da abin mamaki."

Da na kwance bakin ƙwallon na zaro robar da ke riƙe iska a ciki, sai na ga aiki. Ganye huɗu ne na fata, an ɗinke su ta ciki, sannan aka juyo da ƙwallon gaba ɗaya ta wani ɗan baki da bai kai tsawon yatsana ba. Ko zare ɗaya ba ka gani a waje. A tsinin nan biyu, inda ganyen huɗu suka haɗu, ko tsinke ba ya shiga. Wanda ya ɗinka ta a can ƙasarsu ban san shi ba, amma na gaishe shi a zuciyata, don na san yatsunsa sun ji jiki.

Da kaina na kai ta filin da ke bayan gidan gurzar auduga, don in ga abin da ake yi da ita. Turawan gidan auduga da na reluwe ne suka kawo wasan, suka cike ƙungiyar da malaman makaranta da leburori. Yanzu rediyo na ce masa zari-ruga, mu a lokacin kokawar ƙwallo muke cewa. Abin da na gani ranar yana nan a idona har yau. Ƙarti takwas nan, takwas can, suka rungumi juna, suka sunkuya, suka haɗa kafaɗu, har daga bakin fili ina jin ƙarar haɗuwar. Aka jefa ƙwallon a ƙarƙashinsu. Ƙasa na tonuwa a ƙafafunsu, ba mai zagi, ba mai naushi, sai nishi. Can ta fito ta baya, wani ya zara ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya miƙa wa na bayansa. Ba a miƙa ta gaba sam, doka ce, amma duk da haka gaba suke ci. Na ga mutum yana gudu iyakar ƙarfinsa, ƙato ya nufo shi, ya san zai sha ƙasa, amma bai saki ƙwallon ba sai da ƙaton ya zo daf da shi, don ɗan'uwansa ya sami hanya. Aka maka shi da ƙasa, ya tashi ya karkaɗe jiki ya bi baya. Da aka tashi kuma, waɗanda suka gama niƙa juna suka jeru suna tafa wa juna. Na koma rumfa na ce wa Baffa ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya ce shi ma bai taɓa gani ba, kuma ba ya bukata.

Tun daga ranar, duk ƙwallon ƙungiyar da ta yi ciwo wurina take zuwa, ni kuma duk Asabar ɗin da za a buga ina bakin fili da basilla a aljihu. Da damina ake gasar, don ƙasar Gombe ta rani ba a faɗuwa a kanta a tashi lafiya. Manyan garuruwa suna da tasu gasar ta sama. Mu muna ta biyu, tare da Bauchi da Yola da 'yan haƙar kuza na Jos, mu je musu su zo mana a bayan motar katako. Wanda ya zo na ƙarshe a shekara cire shi ake yi, kuma babu gasa ta uku a ƙasa da za ka faɗa cikinta. Doka ɗaya kuma ta shafe ni kai tsaye: mai masauki ne ke kawo ƙwallo.

Turawa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar ta koma hannun Malam Yila. Shi ya tsinto Jungudo, wani siririn Bafulatani mai ɗaukar dilar auduga. Wanda ya taso yana kama maraƙi a guje, kama mutum ba ya ba shi wuya, shi kuwa kama shi sai an shirya. Na taɓa ɗinka masa takalmin wasa, na ɓata lokaci a kansa. Ya sa, ya ɗan zagaya, ya cire ya miƙo mini da ladabi. "Useko, Hamma," ya ce da Fulatanci, wato na gode yayana, "amma ƙafata ba ta ganin ƙasa a ciki." Haka ya ci gaba da wasansa ba takalmi.

Shekarar fari ce ta haɗa mana zafi goma da ashirin. Shanu suka yi ta mutuwa, ƙiraga suka cika kasuwa kamar a ba ka kyauta, amma babu na kirki. Fatar dabbar da yunwa ta kashe, in ka ɗaga ta ga rana har haske kake gani. A daidai lokacin kuma kuɗin mai ya fara shigowa, kowa ya koma takalmin roba da jakar kanti, mukan wuni a rumfa ba wanda ya yi mana sallama. Ƙwallayen da Malam Yila ya aika a sayo daga waje suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, ba ranar fitowa. Tsofaffin da ke hannunmu na yi musu faci har faci ya rasa inda zai kama. Robar ciki ce kawai ta rage mai lafiya.

Sabuwar ƙwallo ta farko da aka ɗinka a Gombe, a shekarar nan na ɗinka ta. Malam Yila ne ya roƙa. Na farke wata tsohuwa, na kwafi ganyenta a kwali, muka zaɓi sabon ƙirgin da ya fi dama-dama, mai laushi, wanda ya fito daga jima ba da daɗewa ba. Duk badukun da ka tara a garin nan shi zai zaɓa, don haka aka koya mana: sabuwar fata mai laushi ita ce girmama mai aiki. Na goge ta da kwalba har tana ɗaukar ido. Ranar da 'yan Yola suka zo, aka fara wasa lafiya. Iska na turawa ta ciki, ƙarti na duka ta waje, sai fatar ta fara ba da kai. Kafin a je hutun rabin lokaci ƙwallon ta kumbura a tsakiya kamar kabewa, gefe ɗaya ya fi ɗaya. In an jefa ta sai ta yi inda ta ga dama. Alƙalin wasa ya ɗauka ya duba, ya tambaya ko akwai wata. Babu. Ya hura usur ya ba Yola wasan.

Wannan ya jefa Gombe can ƙasa. Wasa ɗaya ya rage, da 'yan Jos, a gida, kuma sai an ci su za a tsira. Malam Yila ya zo ya zauna a tabarma da kumburarriyar ƙwallon a cinyarsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce sabon manajan gidan auduga ya gaya masa, ranar da aka cire ƙungiyar daga gasa, filin zai koma wurin ajiye manyan motoci, don motocin sun yi yawa.

"Baba," ya ce wa Baffa, "yaran nan na tara su daga coci da masallaci da ruga. In aka cire mu, ba za a mayar da mu ba. Ni ban ce mu ci ba dole, wannan na Allah ne. Amma a ce mun faɗi don ba mu da ƙwallo, wannan zai kashe ni."

Baffa ya karɓi ƙwallon ya matsa ta da yatsa. Sannan ya ce, "Fatar ba ta yi laifi ba. Sabuwa ce, ba ta gama miƙewa ba. Abin nan naku tsohuwar fata yake so, wadda ta riga ta ba da duk abin da za ta bayar."

Muka bazama neman tsohuwar fata. Na leƙa rijiyoyi na duba gugan fata, duk sun yi siriri. Bel ɗin injin niƙa ya yi kauri, ga shi ba faɗi. Tsofaffin jakunkunan fatake sun sha ƙwari. Majema suka ce in don tsohon ƙirgi ne mai kyau, an daɗe da yanka su. Asabar na matsowa, ni kuma ba abin da na samo sai ciwon ƙafa.

Da safe ina share rumfa, Baffa ya zo ya zauna kamar kullum. Bai ɗauki aiki ba. Can sai ya dafa bango ya miƙe, ya janye ƙirgin daga inda yake tun kafin a haife ni, ya karkaɗe shi, ya miƙo mini gefe ɗaya.

"Usmanu, ja."

Na ja, ya ja. Ko motsi fatar ba ta yi ba.

"Ka gani? Mutum biyu sun zauna a kansa iyakar rayuwarsu. In da akwai sauran miƙewa a jikinsa, da tuni mun fitar da ita."

Na ce, "Haba Baffa! Ko kallon wasan nan ba ka taɓa yi ba."

"Ba wasan nake dubawa ba. Abu ya fita daga rumfar nan ya ba mai shi kunya a gaban baƙi. Ban taɓa kwana da irin wannan ba." Ya dube ni, ya ƙara da cewa, "Amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Kai za ka zauna a kai bayana. In ka ce a'a, in mayar in zauna, kuma ba zan ga laifinka ba."

Raina ya ɓaci, gaskiya. Tun ina murza zare nake satar kallon ƙirgin nan, ina auna ranar da zan hau shi. Ga shi an ce in sa masa wuƙa don wasan da rabin garin ke ce wa hauka. Amma na tuna mutumin nan da ke riƙe ƙwallo har ƙato ya zo daf da shi kafin ya sake ta, na kuma dubi dattijon da ke tsaye a gabana, ya tashi daga wurin zamansa da ransa da lafiyarsa. Na ɗauko wuƙa na wasa ta, na miƙa masa. Ya girgiza kai.

"Kai za ka yanka. Hannuna rawa yake yi yanzu."

Yankan ganyen nan huɗu shi ne aikin da ya fi kowanne tsorata ni a rayuwata, don babu na biyu in na kuskure. Fata ba ɗaya take ba a jikin bijimi. Ta ciki sakwa-sakwa ce, ta wuya tana da tattara, mai ƙarfin tana gefen gadon baya. Baffa ya zauna a kan buhun da babu komai a ciki, yana nuna mini da tsinke. Biyu a dama da ƙashin baya, biyu a hagu, duka tsininsu na duban wuya da wutsiya, don in za su ja, su ja tare. Na ɗora kwalin, na yi bismilla, na danna wuƙa. Ƙarar da fatar ta yi da wuƙar ta shige ta, sai da na ji ta a haƙorana. Da na ɗaga ganyen farko na ga ƙasar rumfa ta cikin hujin, ban dubi fuskar Baffa ba.

Sauran aikin ku ma kun san sunansa, ba ku dai san wahalarsa ba. Na fere gefen kowane ganye don ɗinki ya kwanta. Na huda da tsinke, huji na duban huji. Basilla biyu, zare ɗaya mai kaki, suna giftawa a rami ɗaya, kowane ɗinki a ja shi har zaren ya shiga nama. Ganyen dama na haɗa shi da na hagu, don nauyi ya daidaita. Sannan babban aikin, juyo da ita ta ɗan bakin nan. Sabuwar fata ta yi mini biyayya, wannan kuwa ta ƙi. Na jiƙa ta da ruwan ɗumi, na yi ta tura tsinin da ƙotar basilla kaɗan-kaɗan, farcen babban yatsana ya ɗaye, jini ya ɓata mini riga, kafin ta yarda ta juyo. Na sa roba, na hura da famfon keke, na ɗaure bakin da siririyar fata. Hannuna ya kai ga kwalba don in goge, Baffa ya riga ni ɗauka ya tura ta aljihu. Malam Yila ya taɓa cewa mai sheƙi zamewa take yi a hannu. Baffa bai taɓa barin aiki ya fita ba a goge ba, na ga abin ya yi masa ciwo, amma haka ta fita, baƙa, dusu-dusu, tana ƙanshin man shanu.

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun azahar, amma ba wanda ya kula, don duk daminar haka yake haɗuwa ya watse. Ina tsaye a bakin fili sai na ji an dafa kafaɗata. Baffa ne, da sandarsa. Ya ce ya zo ne ya ga fatarsa, ba wasa ba. Alƙalin wasa ya karɓi ƙwallon, ya matsa, ya auna da tafin hannu, ya sansana, ya yi murmushi, ya hura usur.

'Yan Jos mutanen rami ne, masu fasa dutse, kowanne ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. In aka haɗa kafaɗu sai su tura namu baya kamar ana tura amalanke. Namu kuma suka ƙi karyewa, a kayar da su su tashi. Ni ba maki nake bi ba. Duk inda ƙwallon ta yi idona na kanta, duk dukan da aka yi mata a cikina nake jin sa. Da aka je hutu na ruga na ɗauke ta, na bi ɗinkin da yatsa, na auna tsakiyarta da hannu biyu. Tana nan yadda na yi ta. Na ɗaga wa Baffa hannu daga nesa, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ana komawa sai ruwa ya kece. Ruwan da aka yi ta roƙo a masallatai da coci-coci tun farkon damina, ranar ya ga damar zuwa, kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gudu. Na ga manoma tsaye sun ɗaga fuska sama, bakinsu a buɗe. Filin ya koma taɓo, riguna suka zama launi ɗaya, ba ka gane ɗan Jos da ɗan Gombe sai ta inda mutum ya fuskanta. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don ruwa shi ne ke tona asirin baduku. Jos na gaba da 'yan maki kaɗan, lokaci na ƙurewa.

Can aka haɗa kafaɗu a tsakiyar fili, tururi na tashi daga bayansu cikin ruwan. Ƙwallon ta fito, ta iso hannun Malam Yila. Ya ruga, ƙarti biyu suka rufo shi, ya riƙe, ya riƙe, sai da suka yi tsalle kansa sannan ya sake ta baya. Jungudo ya cafe da hannu ɗaya, ba ta zame ba. Masu takalmi na santsi, shi yatsun ƙafarsa na kama taɓo. Ya bi bakin layi, ya goce wa ɗaya, ya tsallake hannun wani, na uku ya kama masa riga ta yage a hannunsa, ya faɗa da ƙwallon bayan layinsu, inda ake cin maki, can kusurwa. Filin ya ɗauki ihu har ya danne ƙarar ruwan.

Amma da saura. Har yanzu Jos na gaba da maki ɗaya, sai in an buga ƙwallon ta wuce tsakanin dogayen turaku biyu da ke kafe a ƙarshen fili, sama da sandar da ke gicciye, kuma daga gefen fili za a buga. Malam Yila ya tona ƙasa da dunduniya ya kafa ta, iska ta kayar. Ya sake, ta sake faɗuwa. Sai Jungudo ya kwanta rub da ciki a cikin taɓon ya tokare tsininta da yatsa ɗaya. A nan ne aikina zai fito fili. In ganye ɗaya ya fi 'yan'uwansa shan ruwa, ko ɗinki ɗaya ya fi ja, ƙwallon za ta karkace a sama ko da wa ya buga ta. Malam Yila ya ja da baya, ya share ruwa daga idonsa, ya taho.

Ta tashi tana juyawa, tsini na bin tsini, ba ta yi dama ba, ba ta yi hagu ba. Fatar da na sani shimfiɗe a ƙasa tun ina yaro, wadda ban taɓa ganin ta wuce ƙofar rumfa ba, ga ta can sama cikin ruwa, ta fi rufin gidan auduga tsawo. Ban ma ga shigarta ba, sai dai na ga tutocin mataimakan alƙali biyu sun ɗagu, alamar ta shiga, usur ya biyo baya.

Da aka gama tafa wa juna, Malam Yila ya ratso mutane, jini a leɓensa, ya durƙusa a taɓon gaban Baffa ya miƙa masa ƙwallon da hannu biyu. Baffa bai tambayi wa ya ci ba. Ya share taɓon da bakin rigarsa, ya bi ɗinki huɗun da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai yatsan ya tsaya a wani wuri da ya fi sauran santsi da duhu.

"Nan mahaifina ke ɗora dunduniyarsa," ya ce.

Ya mayar wa Malam Yila da ƙwallon, ya ce, "A shanya ta a inuwa, Malam. Kada a sa ta a rana."

Gombe ba ta fita daga gasar ba a shekarar, filin kuma ya ƙara wasu damuna kafin motoci su cinye shi. Ƙwallon ta yi ta wasa har aka daina wasan. Washegarin ranar nan kuwa, Baffa ya shimfiɗa abin da ya rage na ƙirgin a inda yake, ya zauna a kai da hujinsa da komai, ya ɗauki aiki. Haka ya yi ta zama har ranar da basilla ta fara faɗuwa daga hannunsa. Ranar ya dafa bango ya miƙe, ya kama hannuna ya zaunar da ni. Gwiwoyina duka biyu suka faɗa cikin huji suka taɓa ƙasa.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Usmanu. Abin da ya rage ke nan."

Na ce, "Ni na yanka, Baffa. Ya ishe ni."

Na zauna a kansa har gwiwoyin nan suka ce sai benci, shi ne na rataye shi a bango. Da na kai nan a labarin, na tura wa Sadiƙu almakashin gabansa. Bai taɓa shi ba. Ya tashi ya sauko da ƙirgin da hannu biyu, ya shimfiɗa, ya bi bakin huji ɗaya da yatsa tun daga tsini har tsini. Sannan ya tambaye ni wurin wa ake samun man shanu mai kyau, don damina ta kusa ƙarewa.